Ƙwallon da Na Farke a Bani Malik

A shekarar da Iraƙi ta shiga Kuwait ina zaune a Jidda, shekarata ta shida ke nan ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Umra ce ta kawo ni daga Damagaram, na yi ɗawafi na yi sa'ayi, na ƙi komawa. Dukanci na gada a gidanmu, shi na iya, shi kuma na ci gaba da yi a wani lungu na unguwar Bani Malik, a gindin bangon kantin wani mutumin Yaman. Benci ɗaya gare mu ni da yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru masu yawa. Shi yana da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa ya sami takardar zama. A takarda direba ne, amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Muna gyaran takalma da jakunkunan 'yan makaranta da ɗamarar alhazai, wani lokaci akwatin da hannunsa ya cire.

Garin ba daɗi a watannin nan. Mutanen Yaman suna ta ɗaure katifu da firji a kan motoci suna komawa ƙasarsu, har mai kantin da muke jingina da bangonsa ya rufe ya tafi bai yi mana sallama ba. Masu gidaje sun manna salatif a gilasan tagogi. Kowa ka gani rediyo na kunnensa. Binciken takardu kuma ya tsananta, irina ba ma nisa da lungunmu sai dole.

Wata rana bayan la'asar tasi ta tsaya a bakin lungun, wani dattijo ya fito da sanda da baƙin tabarau. Dogo ne, baƙi kamar mu, gemunsa fari fat. Na ɗauka irin mutanenmu ne da aka haifa a can, na ce masa, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya yi dariya, ya amsa da Larabci mai nauyi a harshe. Ya ce shi Ba'amurke ne, aikin hajji ya kawo shi tun yana da ƙarfinsa, ya zauna yana koyar da Turanci har ya ajiye aiki. A unguwar Bagdadiyya yake, ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene. Kowa Ustaz yake ce masa. Wani mai gadi ɗan Chadi ne ya gaya masa akwai dukawa 'yan Nijar a Bani Malik da ba sa aiki da gam kaɗai, suna ɗinki da hannu.

Na ba shi gefen benci ya zauna. Ya ciro wani ƙulli daga aljihun rigarsa, ya kwance hankici biyu, ya ɗora mini abin a tafin hannu. Ƙwallo ne, bai kai lemon zaƙi girma ba, fatarsa ta yi baƙi ta bushe, ɗinkin gefe ɗaya ya ɓalle har wani tsumma yana leƙowa.

"Ya usɗa," in ji shi, haka suke kiran mai sana'a, "za ka iya rufe masa baki?"

Na juya shi a hannu. Fata ɗaya ce aka yanka gida huɗu, kamar yadda ake ɓare lemo a bar gindin a haɗe, aka naɗe aka ɗinke. Na ce, "Ustaz, wanda ya yi wannan mai ɗinkin takalmi ne."

Ya ɗago kai. "Ya aka yi ka sani?"

Na kama yatsansa na bi da shi kan ɗinkin, don na lura idonsa ba ya gani sosai. Na nuna masa allura biyu aka yi aiki da su, suna shiga rami ɗaya suna saɓa wa juna, kuma zaren an goga masa kaki. Fatar ta wuyan takalmin sau-ciki ce, ga alamar inda ta saba lanƙwashewa. Sannan na nuna masa wani abu. Layi uku na ɗinkin a tsare suke kamar haƙoran mataji, amma na huɗun, wanda ya ɓalle, ramukansa a warwatse suke, wani kusa wani nesa, zaren bai ja ba. Na ce hannu ɗaya ne ya yi duka, amma lokacin da ya kai nan ko dai ba shi da lafiya ko ba ya gani.

Dattijon ya sake bin layin na huɗu da yatsa. Can ya ce shekara hamsin abin nan yana hannunsa, ba wanda ya taɓa gaya masa haka.

Yayana ya aika aka kawo shayi, Ustaz ya fara ba mu labari. Ya ce sunan wasan besbol. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya make shi da sanda ya sheƙa a guje, ya zagaya masauki huɗu ya dawo inda ya tashi kafin a cafko ƙwallon a tare shi. Ya ce a zamanin da ake maganar, fiye da shekara ɗari da ashirin baya, wasan bai zama na ƙasa duka ba. Akawuna da 'yan kasuwar manyan biranen arewa ne ke yinsa bayan sun tashi aiki, kowane yanki da dokarsa. A wani wurin in kana gudu sai a jefe ka da ƙwallon a jiki, in ya same ka ka fita. A wani wurin an hana haka. Ba safar hannu, da tafi ake cafkewa, yatsu na karyewa. Sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin arewa da kudu a kan maganar bayi, aka kwashi samari daga ko'ina aka zuba a sansani ɗaya. Soja kuwa, in ji shi, yinin da yake yi yana jira ya fi wanda yake yi yana harbi yawa. A zaman jiran nan manomi ya koya daga akawu, wanda bai taɓa ganin wasan ba ya iya. Sandar ma ba ta kirki ba ce, ƙotar gatari ko katakon shinge. Da aka gama yaƙi, waɗanda suka tsira suka koma garuruwansu da shi.

Yayana ya ce, "To kai Ustaz, ina ruwanka da wasan sojoji?"

Ya ce mahaifin kakarsa bawa ne a kudu. Ubangidansa ya ba da shi haya ga wani kurkukun fursunonin yaƙi, tsohuwar masaƙar auduga da aka kewaye da katako, yana jan amalanken alfadari yana kai itace da ruwa. A farkon yaƙin fursunonin ba su da yawa, akwai itatuwa a filin, kusan kullum suna wasan nan, masu gadi na kallo daga kan katanga. Kakarsa ta gaya masa cewa wani sojan arewa ya ga bawan yana tsayawa kallo, ya kira shi ya koya masa jifa, ranar da za a sake shi kuma ya ba shi ƙwallon kyauta. Ta ce a tsakiyarsa akwai ɗan itacen nan mai tauri da Larabawa ke ce wa ainul jamal, an naɗe shi da zaren safa. Ustaz ya ce ya rubuta labarin duka, shafi da yawa, da tarihin wasan. Yana so ya aika wa 'yarsa a Amurka tare da ƙwallon. Ta daina amsa wasiƙunsa tun da ya bar uwarta ya taho, amma yana jin wannan za ta karɓa. Ciwon sukari ya ci idonsa, ya fara taɓa ƙafarsa, ga yaƙi ana cewa gobe ko jibi. Ba ya so ya aika da shi baki buɗe.

Na ce ya ba ni kwana uku. Ya rubuta mini kwatancen gidansa a bayan takardar magani ya tafi.

Washegari da hantsi na zauna da shi. Fatar ta yi tauri kamar ƙwarya, basilla ba za ta shiga ba sai ta tsage. A gida in fata ta bushe haka mukan shafa mata ɗan ruwa da man shanu mu bar ta ta sha. Haka na yi. Na shafa kaɗan a gefen da ya ɓalle, na rufe da tsumma, na juya na gyara wa wata mata silifa. Da na dawo na ɗaga tsumman, wurin ya yi laushi, na ji daɗi. Na sa basilla na ja zare sau ɗaya, sai gefen duka ya taho a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na yi ƙoƙarin tare shi da babban yatsa, na biyun ma ya rabe. Fatar ta riga ta mutu tun da daɗewa, bushewar ce kawai ke riƙe da ita. Ya kamata in gane haka. Mahaifina da ya ga irin wannan ba zai kusance ta da ruwa ba.

Abin da ke ciki ya zube a cinyata. Ba zaren safa ba ne. Tsummoki ne na ulu mai ruwan bula, an yayyanka su sirara an nannaɗe, wasu sun manne da juna da wani abu baƙi da ya bushe a jikinsu. Na bi su a hankali ina warwarewa, ina neman ɗan itacen da aka ce. Da na kai tsakiya sai wani abu mai nauyi ya faɗo ƙasa. Dalma ce, girman kan babban yatsa, gefe ɗaya ya baje kamar an daka shi a kan dutse, ɗaya gefen da zobba uku a jikinsa. Yayana ya ɗauka ya auna a hannu ya ce, "Wannan harsashi ne."

Na tattara komai na zuba a gwangwanin madara na rufe.

Yayana ya ce in saurare shi. Mutumin nan ba ya gani. Mu samo tsohuwar fatar takalmi, in yanka gida huɗu, in mayar da tsummokin ciki, in ɗinke irin ɗinkin, mu shafa masa toka da mai mu bar shi a rana kwana biyu. Zai shafa ya ji ƙwallonsa, ya aika wa 'yarsa, halas, shi ke nan. "Wa ka cuta? Kai ba ka da takarda. In ya fusata ya kira maka hukuma fa? Ba'amurke ne, ba irinmu ba ne, ko da fatarsa baƙa ce."

Ba zan ɓoye ba, na yanka fatar. Na samo wani tsohon takalmin sau-ciki da wani Bafilibine ya bari bai dawo ɗauka ba, na fitar da gida huɗun, har na huda ramukan layi biyu. A layi na uku na tsaya. Ni ne na kama yatsan mutumin nan na bi da shi kan ɗinkin, rami bayan rami. Ya san inda zaren ya yi sako-sako. In na kwaikwayi wannan ma, to na zauna ke nan da gangan ina kwaikwayon hannun marar lafiya don in yaudari makaho. Na ajiye basilla na ce wa yayana gobe zan je Bagdadiyya.

Ya ce, "Kai ka sani. In an kama ka a hanya kada ka ambaci sunana."

Na tafi da safe, lokacin da ma'aikata suka cika titi, na bi lunguna da ƙafa, gwangwanin a cikin leda. Sau biyu na hango motar bincike na shige masallaci na yi kamar mai alwala. Kafin azahar na sami gidan. Tsohon bene ne mai matakala ƙunci, yana warin danshi da kyanwa. Ɗakinsa na can sama. Gado ɗaya, fanka, keken rubutu a kan tebur, takardu jibge a gefensa an danne su da kofi. Ƙafarsa ta hagu na naɗe da bandeji, an ɗora ta a kan matashi, ɗakin kuma yana wani wari da na san ba na danshi ba ne.

"Ya usɗa, kwana biyu kawai? Ka yi sauri."

Na durƙusa a gabansa na ce, "Ustaz, na ɓata maka ƙwallo."

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba, har fatar da na yanka don in ruɗe shi. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu, na zuba masa guntayen fatar a tafi, ya shafa su, ya ajiye a kan cinyarsa. Na ba shi tsummokin. Ya kai su kusa da idonsa na dama, wanda ke ɗan ganin haske, ya tambaye ni launinsu. Na ce ruwan bula mai duhu. Ya ce kayan sojan arewa ke nan.

"Ainul jamal ɗin fa? Ya ruɓe?"

Na ce babu shi. Na ɗora masa dalmar a hannu.

Ya juya ta da yatsu, ya bi zobban da farce. Na ɗauka zagina zai yi, na sunkuyar da kai ina jira. Sai ya ce, a hankali, "Ashe tsohon nan ba ƙarya yake ba."

Ya ce in tashi daga ƙasa in zauna a kujera. Kakarsa tana da ƙane, in ji shi, mashayi, wanda ba a so yara su zauna kusa da shi. Ranar da aka binne kakar, Ustaz yana saurayi, aka ba shi ƙwallon. Tsohon ya ja shi bayan gida ya ce masa labarin kyautar nan 'yar'uwarsa ce ta ƙirƙira don yara su yi barci. Ya ce harsashi ne a ciki, in bai yarda ba ya farke ya gani. Ustaz bai farke ba. Ya ce wa kansa giya ce ke magana.

Ga abin da tsohon ya faɗa. Wasan da aka yi a kurkukun gaskiya ne, amma a shekarar farko kawai. Daga baya aka daina musayar fursunoni tsakanin ɓangarorin biyu, kuma cikin dalilan har da cewa kudu ta ƙi sakin baƙaƙen sojoji kamar yadda take sakin farare. Sai wurin ya cika ya batse. Aka sare itatuwan aka ƙona don sanyi. Mutane suka haƙa ramuka a filin da ake wasa suna kwana a ciki. Abinci ya ƙare, zawo ya shiga. Amalanken da ke kawo itace ya koma fitar da gawa. Kowace safiya bawan nan zai shiga, a loda masa waɗanda suka mutu, a tuɓe musu kaya don masu rai su sa, ya kai su wata tsohuwar gona inda aka haƙa dogon rami, ya juye.

Akwai wani fursuna da ya sani tun zamanin wasan, mai gyara wa 'yan'uwansa takalma, wanda aka ciro wa harsashi daga cinya ya ajiye shi. Ba su taɓa magana ba. Bawa ba ya magana da fursuna, bulala ce. Wata safiya aka loda masa shi cikin gawawwaki. A hanya, amalanken ya faɗa wani rami ya girgiza, sai ya ji tari a bayansa. Ya waiwaya ya ga mutumin ya buɗe ido yana kallonsa, hannunsa a dunƙule a ƙirji. Ya tsayar da alfadarin ya gaya wa mai gadin da ke rakiyarsa cewa wannan da ransa. Mai gadin ya leƙa ya ce kafin su isa zai ƙarasa, ya ja su tafi. Da suka isa bai ƙarasa ba. Mai gadin ya ɗaga bindiga ya nuna bawan, ya ce juye. Ya juye. Ƙwallon ya fita daga hannun mutumin ya gangara gefen ramin, shi kuma ya taka shi da ƙafa har mai gadin ya juya baya, ya ɗauka ya sa a riga. Sannan ya ɗauki shebur ya yi aikin da aka sa shi.

Ustaz ya ce tsohon ya gaya masa mahaifinsu bai taɓa jefa ƙwallon nan ba ko sau ɗaya, bai kuma bar wani yaro ya taɓa shi ba. Bayan an 'yanta bayi, in samarin unguwa suna wasan a fili, shi kewayewa yake yi ta wata hanya.

Aka kira sallar azahar a masallacin da ke ƙasan benen. Ba wanda ya motsa cikinmu sai da aka gama kiran. Na taimaka masa ya yi taimama, don bandejin, ya yi salla a zaune, na yi tawa a gefensa.

Bayan mun sallame na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ma'alesh. Ba komai, fatar ta kai lokacinta." Ya nuna takardun da ke kan tebur ya ce duk wannan sai an sake, kuma ba shi da idon sakewa. Na ce ai zai iya aikawa haka, labarin kakarsa ma labari ne. Ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya yi wa yarinyar nan ƙarya da yawa, ya ce mata wata shida zai yi ya dawo. Ba zai ƙara mata da wannan ba.

Sai ya mayar da komai cikin gwangwanin da hannunsa ya miƙo mini. Ya ce in yi sabuwar fata, ko wadda na riga na yanka ma ta yi, amma kada in shafa mata toka, a bar ta sabuwa kowa ya gani. In mayar da harsashin da tsummokin, in sa guntayen tsohuwar fatar a ciki. Shi kuma zai nemi wanda zai buga masa shafi biyu ko uku na gaskiyar abin. Ranar Asabar zai zo da kansa ya karɓa, kada in sake jefa kaina a hanya. Ya ce, "Yalla, tafi kafin rana ta yi sanyi masu bincike su fito."

Na koma Bani Malik lafiya. Ranar Alhamis na zauna na naɗe tsummokin yadda na same su, na rufe da sabuwar fata, na ɗinke layi uku. Na bar na huɗu sai safiyar Asabar, don hasken ya ragu kuma ina so ya fita da kyau. Na sa shi a gwangwani na tura ƙarƙashin benci, inda muke ajiye kaki da zare.

Ranar Juma'a ba mu fita ba. Asabar da hantsi, ina zaune na zare zare ke nan, yayana ya tafi gaida kafilinsa, motoci biyu suka toshe bakin lungun ta kowane gefe. Ba wurin gudu. Masu sayar da goro da mata masu tallan turare da wasu 'yan Habasha masu wankin mota, duka aka tara mu. Wanda ya kama hannuna saurayi ne, bai zage ni ba, ya ce, "Iƙama?" Na ce babu. Na ce masa akwai amanar wani dattijo a ƙarƙashin benci, ya bar ni in ɗauka ko in ba wani. Ya ce kowa haka yake cewa, in hau mota.

Na yi mako bakwai a wurin da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, wanda muke ce wa tarhil. Ina ciki aka fara yaƙin, jirage suka yi wuya, shi ya sa muka daɗe. Babban ɗaki ne, mun yi yawa a cikinsa, in ka tashi fitsari ka rasa wurin kwanciyarka. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ke kusa da ni ya yi ta tari har aka fitar da shi, ban san inda ya ƙare ba. Na roƙi duk wanda aka ce zai fita ta hannun kafili ya je Bani Malik ya gaya wa yayana maganar gwangwanin. Ban san ko ɗaya ya je ba. Daga ƙarshe aka sa mu a jirgi zuwa Yamai, da rigar da aka kama ni da ita da silifa ɗaya da na ɗinke da zaren buhu.

Sai bayan babbar salla saƙo ya zo mini Damagaram. A lokacin kaset muke aikawa, wanda bai iya rubutu ba ya yi magana a ciki a ba alhazai su kawo. Na ari rediyon maƙwabci, na zauna a zaure ni kaɗai na kunna. Yayana ya gaida kowa da kowa, ya yi bayanin kayan da ya aiko, sai can wajen ƙarshe ya zo kan maganar.

Ya ce ranar da aka kama mu, kafin ya dawo an kwashe duk abin da ke lungun, benci da tebura da kwalaye, an zuba a babbar mota an kai juji. Ya bi sawu har bayan gari, ya tarar da tsaunin shara yana hayaƙi, bai san ta inda zai fara ba. Ustaz ya zo da la'asar ɗin ranar kamar yadda ya ce, ya sami wurin wayam. Yayana ya hango shi daga nesa ya ɓuya, don bai san abin da zai gaya masa ba. Ustaz ya sake zuwa bayan kwana biyu, yayana ya sake ɓuya. A zuwa na uku ya fito ya gaya masa gaskiya. Dattijon ya tsaya dogare da sandarsa, ya tambaya ko an san halin da nake ciki, ko ana barin a kai mana abinci. Bai tambayi ƙwallon sau biyu ba. Ya ciro wata ambulan daga aljihu, ina jin shafukan nan ne da ya ce zai sa a buga, ya riƙe ta ɗan lokaci, ya mayar, ya ce a taimaka masa ya tare tasi.

Yayana ya ce cikin azumi ya je Bagdadiyya ya duba shi. Mai gadin gidan ya ce an kai shi asibiti an yanke ƙafar, bai farfaɗo daga aikin ba. Mutum biyar ne suka yi masa salla, har da mai gadin. Mai gidan ya jira wata guda ba wanda ya zo neman kayansa, ya sa aka fitar da su aka ba wani ɗakin. Yayana ya tambayi takardun da ke kan tebur, mai gadin ya ce mai sayar da tamiya, irin ƙosan can, na ƙasan benen ya kwashe yana naɗe wa mutane abinci da su. Ambulan ɗin kuwa ba wanda ya san ko ya kai ta gidan waya.

Daga nan yayana ya koma maganar wata gona da ake rigima a kanta a ƙauyenmu, ya ce in je in ga mai gari kafin damina ta sauka. Kaset ɗin ya ƙare yana tsakiyar magana.